Ɗakuna Biyu Na Baya

Da Malam mai kula da shafukan Hausa na mujallar nan ya ce kowa ya kawo abin da zai rubuta bana, sai na ce a raina ni dai ba zan yi zancen wasan ƙwallo ko na tuwon kwaleji ba, don akwai waɗanda suka fi ni iya wannan. Akwai wata magana da ta ke cina shekara biyu ke nan, ita na ke so in sauke a gabanku. Maganar mutuwa ce da gado. Na san wani zai ce, ɗan makaranta wanda ko akuya bai mallaka ba, me ya haɗa shi da zancen gado? To, ku yi haƙuri ku ji tukuna.

Ni haifaffen Sabon Shagamu ne, a ƙasar Remo cikin Jihar Ogun. Ubana ya sauko Kurmi tun yana saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Kano. Ya fara da dako a wurin wani maigida, yana wanke goro yana jera shi cikin ganye, har Allah ya ɗaga shi ya zama shi ma maigida, yana sayen goro daga manoma yana ɗaure huhu yana aikawa Arewa. Baba bai yi boko ba, amma in ka ɗora masa ƙwaryar goro a gaba, kafin ka ƙifta ido ya ware maka marsa daban, minu daban, ya tsamo wanda sankara ta taɓa. Lissafinsa kuwa rabi yana cikin wani ɗan littafi da ya ke yi wa zane da ajami, rabi yana cikin kansa. Shekara arba'in da wani abu yana ciniki a kan amana, bai taɓa sa hannu a takardar yarjejeniya da kowa ba.

Matansa biyu. Inna, watau uwata, Bahausa ce, ita ce uwargida. Amaryarta kuwa Bayarabiya ce Musulma 'yar garin, muna kiranta Iya. Mu 'ya'ya takwas ne: shida na ɗakin Inna, maza uku da mata uku, biyu na ɗakin Iya, namiji da mace. Babbanmu duka shi ne wanda mu ke kira Yaya Babba. Shi bai yi nisa a makaranta ba, tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga cinikin Baba, shi ne mai shiga ƙauyuka sayen goro, shi ne mai raka mota Arewa. Ba shi da albashi, ba shi da jari nasa na kansa. Abin da ya samu na gida ne, abin da ya ke bukata a gida ya ke ɗauka. Da zai yi aure, shi ya tsaya aka gina ɗakuna biyu a bayan gidanmu, aka rufa musu kwano, ya tare a ciki.

A kan hanyar Arewa motar da ya ke rakiya ta faɗi, Allah ya karɓi ransa, shekara biyar kafin rasuwar Baba. Ya bar yara biyu. Namijin sunan Baba gare shi, don haka ba mai faɗin sunansa a gidan, Abba a ke ce masa. Macen kuwa Ummi. Uwarsu ta gama takaba, bayan shekara biyu ta yi wani aure ta koma Badun, yaran suka zauna wurin Inna. Baba ya ɗauke su kamar ransa. Kullum in ya dawo daga rumfa sai ya zauna yana tsokanar Ummi, yana ce mata amaryarsa, ya ce wa Abba ɓarawon mata. Kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ji shi da kunnena yana nuna bayan gida da sanda yana cewa, "Ɗakunan can biyu na marayun nan ne, gumin ubansu ne."

Yanzu ga inda laifina ya ke, gara in faɗa da bakina. Wani hutu da na koma gida, na tarar Baba ba ya jin daɗi, hawan jini ya matsa masa. Wata rana bayan sallar lisha muna zaune a tabarma mu biyu, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, wata rana ka zo da takarda da alƙalami, akwai 'yan maganganun da na ke so ka rubuta mini." Nan da nan na gane inda ya nufa, gabana ya faɗi. Maimakon in tashi in ɗauko jakata, wadda ke rataye ba ta fi taku biyar daga inda mu ke ba, sai na ce, "Haba Baba, Allah ya ja da ranka, wace irin magana ce wannan? Kai za ka aurar da Ummi da hannunka." Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ni a ganina ladabi na yi. Wata huɗu bayan wannan, ina cikin aji aka kira ni a waya. Ya yi sallar asuba, ya jingina da bango, shi ke nan.

A bakin kabari Liman ya yi shela kamar yadda aka saba, ya ce duk mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi, ya zo ya sami iyali. Wannan ba don al'ada kaɗai a ke yinsa ba. A shari'a ba a taɓa gado sai an fara fid da kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya in akwai, abin da ya rage shi ne na magada. To, a nan muka fara ganin abin mamaki. Masu bin Baba bashi ba su yi nawa ba, tun kafin sadakar bakwai sun cika zaure. Waɗanda Baba ke bi kuwa, sai ka ce ƙasa ta haɗiye su. Muka ɗauko ɗan littafin nan na ajami, muka kai wa wani almajiri ya karanta. Ga adadi nan a rubuce, amma a maimakon suna sai ka ga an sa "mai jar hula", ko "na Gusau", ko wani zane kamar ƙafar kaza wanda Baba kaɗai ya san ma'anarsa. Liman ya ce duk mai da'awa a kan mamaci sai ya kawo shaida kuma ya rantse, tun da wanda zai musa ba ya nan. Wannan ya rage taron ƙwarai. Cikin masu riƙe da kuɗin Baba mutum ɗaya na ke so in ambata, ko da ba zan faɗi sunansa ba. Wani tsoho ne ya hau mota tun daga Arewa, ya kwana biyu a hanya, ya zo ya ajiye kuɗin huhu shida a gaban Inna cikin ƙullin tsumma. Ba mu san shi ba, ba ya cikin littafi, da ya yi shiru har abada ba wanda zai tambaye shi a duniyar nan.

Sai maganar banki. Baba yana da 'yan kuɗi a ajiye, kuma ni na cika masa takarda ranar da ya buɗe ajiyar, sunana aka sa a gurbin nan na makusancin dangi. Na tafi da ƙarfina ina tsammanin in na nuna takardar shaidar mutuwa za a ƙirgo a ba ni. Ma'aikacin ya zaunar da ni, ya yi mini bayani da hankali. Ya ce makusancin dangi ba magaji ba ne, mutum ne kawai da za a nema in wani abu ya faru. Wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, kuɗinsa ba su fita sai iyali sun je ofishin rajistar gado na Babbar Kotun jiha, an ba su takardar izinin tafiyar da dukiyar mamaci. Na yi ta kai da kawowa tsakanin kwaleji da gida da kotu, a cika wannan, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa a jira ko wani zai fito ya yi jayayya, a biya kuɗin hukuma. Kusan shekara guda kafin takardar ta fito. Ku da za ku fita ku kama aikin koyarwa, ku riƙe wannan. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ana tara wa ma'aikaci kuɗi a asusu nasa na kansa, kuma in ya mutu ba a sakin abin da ke ciki sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko irin wannan takarda da na sha wuya a kanta.

Ana cikin haka sai ga dangin Iya sun zo, dattawa uku, suka yi gaisuwa da ladabi, sa'an nan suka kawo tasu maganar. Suka ce gidan nan a ƙasar Yarabawa ya ke, kuma a al'adarsu in mutum ya mutu da mata fiye da ɗaya, ana raba dukiya ne bisa yawan ɗakuna, kowace mace mai 'ya'ya reshe guda ce, 'ya'yanta su raba abin da ya faɗo wa reshensu. Suna kiran wannan idi-igi, watau gindin itace. Akwai wata hanyar kuma da su ke kira ori-ojori, wadda a ke ƙirga kawunan 'ya'ya kowa ya sami daidai da kowa. Abokan karatunmu Yarabawa sun fi ni sanin wannan. Kuma kada wani ya ce dattawan nan ƙage suka yi. An taɓa yin shari'a a kan wani mutumin Ikko da ya bar 'ya'ya 9 daga mata 4, maganar ta je har kotun ƙoli ta wancan zamani a Ingila, a 1962 aka tabbatar a raba kashi 4 bisa ɗakuna, ba kashi 9 ba. In an bi wannan a gidanmu, 'ya'yan Iya biyu su ɗauki rabi, mu biyar mu raba rabi.

Yaya Ƙarami, wanda ke bin marigayi, ya fusata, har ya fara ɗaga murya. Aka kai magana gaban Sarkin Hausawa, don a jiharmu babu kotun alƙali irin ta Arewa, dattawa da malamai su ke sasanta irin wannan. Wani lauya Musulmi da ke salla a masallacinmu ya yi wa taron bayani. Ya ce a Nijeriya, in mutum ya mutu ba wasiyya, abin da a ke fara tambaya shi ne wace doka ya rayu a kanta. Wanda ya yi auren rajista, dokar hukuma ta rabon gado ce ke hawa kansa. Wanda ya rayu a kan al'adar kabilarsa, al'adar ce. Musulmin da ya rayu a kan shari'a, shari'a ce, kuma tana binsa duk inda ya je. Ya kawo misalin wani Banufe mutumin Bida da ya mutu ya bar gida a Ikko, a 1945 kotu ta ce dokar Musulunci da ya ke bi a garinsu ita za a bi, ba al'adar inda gidan ya ke ba. Ya ce sai fa in mutum ya saki asalinsa ya rungumi al'adar masu masaukinsa ɗungum, kamar wani Bayarabe da ya zama mutumin Bini, wanda Kotun Ƙoli ta ce a 1985 a raba dukiyarsa bisa al'adar Bini. Baba kuwa ko Yarabanci da ƙyar ya ke haɗa jimla uku. Kafin dattawan su ba da amsa, sai Iya da kanta ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da sadaki aka aure ni a gaban Liman. Yadda Allah ya raba, haka na ke so." Magana ta mutu a nan.

Af, kafin in wuce. Lauyan nan ya gaya mana wani abu da ya tsaya mini a rai, game da wata mata Ibo da ubanta ya rasu a Ikko a 1981 bai bar wasiyya ba, aka nemi hana ta gado. Sai a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Shekara 33 ke nan tsakanin kabari da hukunci. Da na ji wannan sai na ga shekara gudan da na yi ina zirga-zirga ba komai ba ce.

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Liman ya zo da wani malami masanin fara'ili, tsoho mai sanyin murya, da Risala a hannunsa ko da ya ke bai buɗe ta ba. An riga an kira masana sun yi wa gida ƙima, an haɗa da kuɗin banki da ragowar goro da bashin da aka iya karɓowa, an fid da wanda a ke bin Baba. Abin da ya rage ya tashi naira 8,000,000. Malam ya tambaya, "Iyayen mamaci suna da rai?" Aka ce babu. "Mata nawa?" Biyu. "'Ya'ya maza masu rai ranar da ya cika?" Uku. "Mata?" Huɗu. Ya ɗan yi zane a ƙasa da yatsa, ya ce dukiya za ta kasu 80. Matan aure suna da tumuni, ɗaya cikin takwas, tun da akwai 'ya'ya, watau kashi 10, kowace ta ɗauki 5. Saura 70 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, kowane namiji 14, kowace mace 7. Da kuɗi, Inna da Iya kowace naira 500,000, kowane namiji 1,400,000, kowace mace 700,000. Ni da na ke taƙama da lissafin boko, ina nan ina dannawa a waya, tsohon nan ya riga ya gama.

Abba yana zaune kusa da ni, shekararsa goma a lokacin, yana ƙirga sunayen da a ke kira. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba a ambaci 'ya'yan marigayi Yaya Babba ba."

Malam ya ce, "Yaushe ubansu ya rasu?"

Na ce, "Shekara biyar kafin Baba."

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, matacce ba ya gadon mai rai. Ubansu ya riga ya tafi, ba shi da rabon da zai bar musu. Jika kuwa ba ya gado muddin akwai ɗa namiji na mamaci da rai. Ku uku kun katange su."

Wallahi sai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Kalmar nan "kun katange su" har yau tana kunnena, don ni ina cikin katangar. Na ce, ai Baba ya sha faɗi cewa ɗakunan baya nasu ne. Malam bai yi gaggawa ba, ya bi maganar daki daki. Ya ce in kyauta ce Baba ya yi musu yana da rai, to, kyauta ba ta tabbata sai an fid da ita daga hannun mai bayarwa, ko an kafa shaidu a kanta an keɓe ta da sunan yaran. An yi haka? Ba a yi ba. Hasali ma Baba ya ci gaba da ajiye goro a ɗaki ɗaya, ya sa ɗan haya a ɗayan yana karɓar kuɗin yana cefane da su. Ya ce in kuwa wasiyya ce, ba dole sai an rubuta ba, ta baki ma tana zama, in akwai adilai da za su shaida cewa ya ce bayan ransa a ba su. Wa ya ji? Abokin Baba na kusa, wanda su ke zama tare kullum, ya riga shi rasuwa. Maƙwabcinmu ya ce lalle ya ji zancen ɗakuna, amma tsakaninsa da Allah ba zai iya rantsewa ya ji an ce "bayan raina" ba. Malam ya sake tambaya ko Yaya Babba abokin tarayya ne a cinikin, da za a fid da rabonsa tun farko a ba 'ya'yansa. Wa zai iya cewa? Ɗa ne yana yi wa ubansa aiki, kamar yadda dubban 'ya'ya ke yi.

Inna tana zaune can gefe ta rufe fuska da mayafi, ba ta ce uffan ba. Wanda bai san Hausawa ba zai ce ba ta damu ba. Yaya Babba ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ko da ya mutu kunyar nan ba ta sake ta ba, ta yaya za ta buɗe baki cikin taro ta yi wa 'ya'yansa jayayya? Sai hawaye kawai na ga suna ɗiga a kan tabarma.

Daren nan ban yi barci ba. Da farko na yi fushi da Malam, daga baya na ga ba shi da laifi, abin da ke cikin littafi ya faɗa. Sai da na koma na zauna da shi wata rana mu biyu, sa'an nan na gane inda gizo ke saƙa. Ya ce mini mutanenmu suna cewa Musulmi ba ya bukatar wasiyya, wai Allah ya riga ya raba. Rabin gaskiya ce. Abin da Allah ya raba a cikin Suratun Nisa'i ba mai ikon taɓa shi, shi ya sa ba a yi wa magaji wasiyya. Amma an bar wa mutum sulusin dukiyarsa, ɗaya cikin uku, ya sa inda ya ga dama cikin waɗanda ba su gado. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya nemi ya ba da fiye da haka sa'ad da ya yi ciwo a Makka, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi. To, su wa aka bar wa wannan ƙofa in ba irin su Abba da Ummi ba? Da agolan da ya girma a hannunka, da yaron gida da ya yi maka bauta shekara ashirin, da uwa ko mata da ba addininku ɗaya ba, tun da bambancin addini yana hana gado, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu na nan Kudu.

Na zauna na yi lissafi. Da Yaya Babba ya yi rai har bayan Baba, da rabonsa ya kama wajen naira 1,167,000. Sulusin dukiyar kuwa ya haura 2,600,000. Watau abin da shari'a ta bar wa Baba a hannunsa ya ninka rabon Yaya har da ɗori. Layi uku a takarda, da shaidu biyu, da sun isa. Jakata kuwa tana rataye taku biyar daga tabarma.

Malam ya ƙara mini da cewa ba mu kaɗai wannan abu ya dama ba. A Masar, tun 1946, hukuma ta kafa doka cewa in kaka ya mutu bai yi wa jikokinsa marayu wasiyya ba, za a ɗauka kamar ya yi, a ba su abin da ubansu zai samu, muddin bai wuce sulusi ba. Maroko, waɗanda su ma Malikawa ne kamarmu, sun bi wannan hanya. A nan ƙasar ba haka a ke yi ba. In kaka bai buɗe baki ba, shi ke nan. Ni dai ban isa in ce wa ya fi daidai ba, wannan aikin malamai ne, amma ina ganin inda doka ba ta tsaya wa maraya ba, nauyin da ke kan kakansa ya ƙaru.

Mu koma tsakar gida. Bayan an gama kiran rabo, Malam bai naɗe tabarmarsa ba. Ya tuna mana cewa a cikin surar nan, kafin a zo ayoyin rabo, akwai aya ta 8 da ta yi umurni a ba dangi da marayu da miskinai wani abu in sun halarci rabo, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Ya ce yanzu kowa ya mallaki nasa, baligi mai hankali yana da ikon ya yi kyauta da abinsa, amma ba a tilasta kowa, kuma rabon 'yar Iya ba mai taɓa shi tun da ba ta balaga ba. Aka yi tsit. Ina cikin haɗa maganar da zan faɗa, sai babbar yayarmu mace, wadda mijinta ɗan acaɓa ne, rabonta kuma rabin nawa, ta riga ni. Ta ce a ɗebi 100,000 cikin nata. Kunya ta kama ni, na ce a ɗebi 400,000 cikin nawa. Sauran mata biyu suka sa 50,000 kowace. Ɗan Iya ya dubi uwarsa, ta gyaɗa kai, ya sa 100,000, ita ma ta ƙara 50,000 cikin tumuninta, ta ce ita ta yi wa Ummi wankan jego. Yaya Ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai iya ba. Na ji haushinsa a ranar, amma daga baya na san bashi ne ya yi masa katutu, ga 'ya'ya biyar. Duka aka tara 750,000. Bai kai rabon ubansu ba, bai kuma kai ƙimar ɗakuna biyu ba, sai aka daidaita a kan ɗaki ɗaya ya zama nasu, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Gidan ba mu sayar ba, kowa ya san ɗakunan da suka faɗo masa.

Da taro ya watse, Abba ya biyo ni har zaure, ya kama hannun rigata ya ce, "Baffa, mu ba 'yan gidan nan ba ne?" Na ce masa su ne 'yan gida na sosai. Ya ce, "To, don me kowa aka kira sunansa, mu sai da aka yi mana karo-karo?" Ina koyon aikin malanta, an koya mini yadda a ke amsa tambayar yaro, amma ranar nan ban sami abin da zan ce ba.

Hutun da ya wuce na koma gida. Kwana biyu da isowata, bayan la'asar, Inna ta aiki Ummi ta kira ni ɗakinta. Na tarar ta sa an kira Liman da maƙwabcin nan namu, suna zaune a bakin ƙofa. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Ɗauko takardarka." Ashe ta je ta yi tambaya da kanta, an gaya mata ita ma ran da ta mutu haka za a yi, ni da Yaya Ƙarami mu katange yaran. Wannan karo ban ce mata Allah ya ja da rai ba, na tashi na ɗauko jaka. Ta lissafa abin da ta mallaka: rabonta na tumuni, keken ɗinki, awaki huɗu da ke wurin ƙanwarta a ƙauye, 'yan kunne na zinariya, da adashin da ta ke zubi. Ta faɗi wanda ke binta da wanda ta ke bi, har da kuɗin manja na wata mata a kasuwa. Sa'an nan ta ce bayan ranta sulusin duk abin da ta bari a ba yaran nan biyu. Na ce, "Inna, sai an sa sunan ubansu a takarda, don a san ko su wane ne." Ta yi shiru, ta ja mayafi. Can ta ce da Liman, "Malam, kai ka faɗa masa." Liman ya faɗi sunan, na rubuta, na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, ta dangwala babban yatsa a tawada ta danna a ƙasa. Takardar ɗaya tana wurin Liman, ɗaya tana cikin akwatina a nan ɗakin kwananmu.